Ruwan Aro a Rijiyar Hukuma

Ko da ladan ya kira assalatu, mun riga mun ɗaure kayanmu a bayan Landirobar hukuma. Muka yi sallah a masallacin bakin tasha, muka bar Gusau gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne: kansilan da ke jagorantar tafiyar, da ma'aikacin sashen ayyuka mai riƙe da takardu, da direba, sai ni. Ni kuwa, kamar yadda da yawanku kuka sani, igiya da guga da kayan noma nake sayarwa a kasuwa. 'Yan kasuwa ne suka ce in je a madadinsu, wai don na iya karatun boko, kuma bakina ba ya shiru.

Ga abin da ya fitar da mu. Tun da aka kawo sabon tsarin ƙananan hukumomi, kuɗin rijiya da aji da ɗakin shan magani ba sai an jira Sakkwato ba, a nan gida ake raba su. Majalisa ta ce ba za a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ba sai mutum uku sun je sun gani da idonsu, sun sa hannu. In muka sa hannu an rufe magana. Ƙauyen da aka rubuta an yi wa rijiya ya fita daga layin masu jira ke nan, ko da ruwa a cikinta ko babu. Ranar da aka bayyana mini haka, alƙalamin da ke aljihuna ya yi mini nauyi.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko ban ɗauki kansilan nan da daraja ba. Sa'an ƙanena ne, ya sha babbar riga mai sitaci, turarensa ya cika mota har direba yana atishawa. Na ce a raina wannan ya fito ne a gan shi, ba ya gani ba.

Hanyar Tsafe lafiya lau take, kwalta ce sumul, sai dai manyan motoci masu tahowa daga Funtuwa da ba su san ana kauce wa kowa ba. Bazara ta kai bazara. Gonaki duk an share, an ƙone karmami, ana jiran ruwan farko. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi rana na fitowa ta bayansa. Na wuce dutsen nan ya fi a ƙirga, amma har yau sai na leƙa ta taga na dube shi.

A Tsafe muka karya da waina da miyar taushe wajen wata dattijuwa a bakin kasuwa. Ma'aikacin ayyuka ya tambaye ta kobo nawa, ta dube shi sheƙeƙe ta ce ita ba ta san kobo ba, sule ne. Shekara nawa da canza kuɗi, amma a gaban tandar nan sule bai sauka daga mulki ba. Wainar kuwa ta ci sulenta, har na ƙara.

Ayyukan Tsafe sun faranta mini rai. Muka duba aji biyu, da rumfunan kasuwa, da ɗakin shan magani. Ni ban iya karatun taswirar gini ba, don haka na zaro mabuɗin shagona ina kankarar bango. In siminti ya yi ƙaranci, yashi zai zubo. Bai zubo ba. Taga ɗaya ce ta ƙi rufuwa, aka kira kafinta ya gyara muna tsaye. Malamin asibiti ya buɗe mana kabad ya nuna mana magunguna ba tare da an roƙe shi ba. Na sa hannu da zuciya ɗaya, ina jin daɗin cewa mutanenmu ne suka yi, mutanenmu kuma suka duba. Muka kwana a masaukin baƙi, sauro ya karɓi nasa rabon.

Washegari muka juyo, muka ratsa Gusau ko gida ban leƙa ba, muka kama hanyar Bungudu. Bayan Furfuri na hango gulbi ya zama yashi zalla, mata sun tona ramuka a tsakiyarsa suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. A wajen Nahuce muka tsaya muka sayi mangwaro, kashi guda kobo biyar, direba ya yi ciniki kamar zai sayi gona. Daga nan muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar burji wadda ta girgiza mana hanji, zuwa ƙauyen da aikinmu na ƙarshe yake. Sunansa ba zan faɗa ba, kuma za ku ga dalili.

Tarbar da aka yi mana ta fi ƙarfinmu. An share gari tas, an shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, mai gari da dattawansa sun fito da rigunan sallah. Ɗan kwangilar da ya haƙa rijiyar ma ya riga mu zuwa, wani Alhaji mai yawan fara'a, yana ta raba goro. Kafin mu ce uffan an kawo fura da nono, an biyo da tuwon dawa da miyar kuka da kaji. Na ci, ba zan yi ƙarya ba, na ci har na sassauta tazuge.

Sannan aka raka mu rijiya. Ga ta nan sabuwa fil, bakinta ya sha siminti. Aka zura guga, ya fito cike. Kansila ya kurɓa ya ce madalla. Ma'aikacin ayyuka ya ɗora takarda a kan bonet ɗin mota ya sa hannu, ya miƙo mini.

Ni kuwa idona yana kan igiya. Shekara ashirin ina sayar da ita, na san yadda take komawa in ta yi mako guda tana aiki. Wannan ko gashi ba ta tayar ba. Na dubi bakin rijiyar, babu gurbin da igiya ta ci, alhali takarda ta ce wata biyu ke nan da gama ta. Na dubi ƙasa. Rijiyar da gari ke sha ba ta rabuwa da caɓi, da sawun awaki, da ƙudan zuma. Nan ƙasa a bushe take ƙamas, sai sawun jakuna da tsintsiya ba ta gama sharewa ba. Na kurɓi ruwan, na ji ɗanɗanon yashin gulbi.

Ga kajin mutane a cikina, ga dattijo mai furfura yana murmushi yana jiran in yaba. A garinmu wanda ya ci tuwonka ba ya tsinka ka a gaban jama'arka, haka aka rene mu. Abin da ya hana ni sa hannu matan nan ne da na hango a tsakiyar gulbi. Na san in na rubuta sunana, na rubuta musu wasu shekaru na tonon yashi.

Na ja kansila gefe na gaya masa abin da na gani. Na ce hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya, wadda masu haƙar rijiya ke bi: a kwashe ruwan tas, a zauna a ga ko zai ɓuɓɓugo. Na zaci zai dubi agogo ya ce rana ta yi. Sai ya tuɓe babbar rigar nan ya ninke ta a kan kujerar mota, ya ce a kawo tuluna.

Ɗan kwangila ya matso da dariya. "Haba ranka shi daɗe, mi za a wahal da mutane? Ga ruwa kun gani, kun sha."

Kansila ya ce, "Mun sha, Alhaji. Muna son mu ga inda yaka hitowa."

Aka fara ja. Mata suka jeru da tulunansu ana juye musu, kuma na lura ba wadda ta ɗaga kai ta dube mu. Guga talatin da wani abu, sai muka ji ya daki ƙasa. Na leƙa da madubin direba ina haska rana a ciki. Jar marmara ce, tsaf kamar daɓen ɗaki. Na auna igiyar da hannuna, gaba tara. Takarda ta ce goma sha biyar. Muka yi azahar, muka koma gindin tsamiya muka zauna. Ban taɓa zaman da ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Da la'asar muka sake leƙawa, ko damshi babu.

Mai gari ne ya fara magana, kansa a sunkuye. "Mu munka zuba, ranka shi daɗe. Tun shekaranjiya mata da jakkai ka jido daga gulbi. Ba cuta munka nuhwa ba. Gwamnati ta yi muna kyauta, wa ka ce ma mai kyauta abinai bai yi ba? Ga baƙi tahe kuma, mu bari su iske rijiya ƙamas? Kuma an ce muna in anka ga babu ruwa, za a rubuta ƙasarmu ta ba ta da ruwa, a bar waiwayarmu."

Bai faɗi wanda ya gaya musu haka ba, bai kuma dubi kowa ba. Ɗan kwangila dai ya shiga gyaran hularsa.

Tausayi ya kama ni, haushi kuma ya taso mini. Mutanen da ba su da ruwan sha sun kwana biyu suna ɗaukar ruwa a ka, suna zubawa a rami, don kada mu ji kunya. Ina shirin buɗe bakin nan nawa, wanda da ya ɓata komai, sai kansila ya sauko daga kujerar da aka ba shi ya zauna a tabarma kusa da mai gari.

"Baba," ya ce, "ba kyauta ba ta. Harajin da kunka biya na. Rijiyakku ta, mu 'yan aike na. In ɗan aike ya kawo maka abin da ba shi anka aike shi ba, ai hwaɗi kakai."

Wata tsohuwa da ke tsaye bayan mata ta ɗaga murya. "To ɗana, rubuta. Rubuta babu ruwa. Ka ƙara da wuyana na ciwo."

Aka fashe da dariya, har mai gari. Da dariyar nan kunya ta sauka daga kan kowa. Ma'aikacin ayyuka ya karɓi takardarsa ya soke hannun da ya sa, bai yi gardama ba, kuma na yaba masa. Kansila ya rubuta abin da muka gani, ya karanta da ƙarfi jama'a na ji, sannan muka sa hannu mu uku. Ɗan kwangila ya bi kansila har bakin mota yana magana ƙasa-ƙasa, yana ambaton mahaifinsa da zumuncin da ke tsakaninsu. Abin da na ji kansila ya ce kawai shi ne, ranar da aka kwashe rijiyar ruwa ya dawo da kansa, shi da kansa zai kai masa takardar biya har gida. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi wa kansilan nan. Turaren dai har yanzu ina ganin ya yi yawa.

Mun shigo Gusau ana kiran magariba, jikina duk ƙura, bayana kamar an yi mini dukan sakwara. Amma na shiga gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka. Na yi alfahari da garin nan namu, da ya fitar da matashin da zai zauna a tabarma ya ce shi ɗan aike ne. Na yi alfahari da dattijon da ya faɗi gaskiya a gaban jama'arsa, ko da ta yi masa ɗaci. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kawo kuɗin aiki kusa da gida bai isa ba. Muddin talaka na ganin rijiya da aji alheri ne aka yi masa, zai rufa wa wanda ya cuce shi asiri da hannunsa, ya kuma yanka masa kaza. Sai ya san nasa ne sannan zai buɗe baki.

Shekaranjiya ina zaune a shago wani mutumin ƙauyen ya yi sallama. Ya ce masu haƙa sun koma da diga da kurfi, har sun fara fito da ƙasa mai sanyi. Ya sayi igiya gaba ashirin, na rage masa kuɗi. Da zai tafi ya ce mai gari ya ba shi saƙo gare ni da kansila: rufin ajin da aka gina musu bara yana yoyo, tun daminar da ta wuce suke ɓoyewa, mu zo mu gani.

"Kuma ya ce in hwaɗa maka, wanga karo ba za a share ko'ina ba."