Zanen Hanne a baranda

Har yau ban manta da ranar da Malam Bitrus ya zana Hanne ba. Lokacin ina masinja a wata firamare a Garo. Aikina buga ƙararrawa, kai saƙo, da kiran iyaye idan hedimasta ya neme su. Malam Bitrus mutumin Filato ne, sabon zuwa, ba a ma tabbatar da shi a aiki ba.

Bayan an tashi, Hanne 'yar aji ɗaya tana zaune a baranda tana jiran babanta. Malam ya ɗauki fensir ya zana ta, kafin in gama rufe tagogi ya kammala. Na duba. Ga giɓinta, ga yadda take cizon leɓe, ga ɗankwalin da ya zame gefe guda. Da babban yatsa ya murza baƙin fensirin ya fitar da kumatu. Ita ce sak.

Sai gabana ya faɗi. A tsarinmu, idan uba ya kawo ƙara, hedimasta kan tura ta ofishin ilimi a Kabo, kuma sabon malami na iya rasa aikinsa a kan haka. Akwai iyayen da ba sa son a zana mai rai. Na ce wa Malam Bitrus ya ɓoye zanen, amma uban ya riga ya iso a kan babur. Malam Buba ne, Bafulatanin da ya zauna yana noma. Malam Bitrus ya miƙa masa takardar da murna.

Malam Buba ya kalle ta sau ɗaya, ya kau da kai, ya mayar masa da ita. Bai ce komai ba. Ya ɗauki 'yarsa suka tafi.

Na kasa cin abinci da daɗi, kullum ina jiran hedimasta ya kira ni. Ran nan sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, ta ce ita ce kakar Hanne. Bayan mun gaisa na tambaya ko ƙara ta kawo.

"Wace ƙara, ɗan nan? Takardar na zo karɓa. 'Yar fari ce, babanta ko sunanta ba ya faɗa, ina zai tsaya yana kallon fuskarta a gaban mutane? Shi ya aiko ni. Ya ce kada a ninke ta."

Malam Bitrus ya yanko kwali biyu ya sa zanen a tsakani, ta ɗaure a cikin mayafinta.

Ban daina fargaba ba, halina ne. Amma yanzu idan uba ya yi shiru a kan ɗansa, nakan fara tambaya ko na fari ne.