Layin da ke Ƙasan Jadawalin Azumi

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina da ɗan shagon buga takardu a Potiskum. Iyawata ba ta wuce in kunna kwamfuta in buga wasiƙa ba, amma 'yan unguwar Dogo Tebo injiniya suke ce min, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Injiniyan gaskiya abokina ne, malamin lissafi a wata sakandare. Shi ya rubuta wata 'yar manhaja mai fitar da lokutan sahur da buɗa-baki daidai da garinmu, don da jadawalin Kano muke amfani a da, kullum ana gardama a kan bambancin mintuna. Kyauta yake raba ta a faifan fulofi, har da asalin rubutun da ya haɗa ta da shi, wanda ya iya ya gyara. Wani ya ƙara lokutan garin Fika, wani ya ƙara na Gadaka. Sharaɗinsa ɗaya ne: a bar layin da ke ƙasan takardar, mai cewa a yi wa mahaifinsa addu'a.

Kai, mun ji daɗin zamanin nan. Da sha'aban ya kama sai shagona ya cika, janareto na ruri, shi yana gyara, mu muna shan shayi muna ba shi shawarar da bai nema ba.

To, sai 'yan kasuwa suka gano abin. Suna bugawa da yawa suna sayarwa, in manhajar ta ƙi aiki a aiko a ɗauko Malam daga aji. Ya je a kekensa, ya gyara, a sallame shi da "Allah ya saka." Ana cikin haka wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona masa kwamfuta, albashinsa kuwa ba zai tashe ta ba. Haƙurinsa ya ƙare ne ranar da ya ga wani jadawali an goge layin mahaifinsa an sa tallan shagon atamfa.

A kwamfutata ya ƙarasa wata sabuwar manhajar jadawalin, ya canza sharaɗi: masallaci da makaranta kyauta, mai sayarwa kuwa sai ya biya.

Gari ya ɗauka. Wani Alhaji ya tare shi a shagona ya ce, "Malam, ba sadaka ka ce ba? Yaushe aka fara karɓe sadaka?"

Ya ce, "Alhaji, wadda na ba ku taku ce har abada. Wannan ban bayar ba tukuna. Kwamfutata nake so in tayar."

"To, mu tsohuwar ta ishe mu."

Ta kuwa ishe su. Na zagaya da kaina neman gudunmawar tayar masa da kwamfuta, da tsammanin bakina na da tasiri, na dawo da addu'o'i masu kyau ƙwarai. Kafin wani azumin abokina ya samu aiki a Kaduna, ya tafi. Na yi fushi da garin nan sosai, har yau in na tuna raina yana sosuwa. Kowa na son ruwan rijiyar, ba mai sayen igiya.

Yanzu in na ji matasa suna zagin masu manhajar kyauta don sun canza lasisi, ba na sa baki da wuri. Na san irin keken da mutum yake hawa kafin ya kai ga haka.

Bara na tsaya sallar la'asar a wani masallaci a Gadaka. A bango akwai jadawalin azumi, bugun zamani mai launi, ban san wanda ya ci gaba da gyara tsohuwar manhajar ba. Na sa tabarau na duba ƙasa, sai ga layin nan yadda ya rubuta shi. Abokina ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Na ɗaga hannu na yi wa su biyun, shi da mahaifinsa.