Shekarar da Ruwa Ya Tsare Baba da Keken Rubutu

Jiya aka dawo mini da ɗinki daga wurin tela, ina warware shi sai na ji warin man keke a jikin ƙyallen. Na daɗe riƙe da shi ban ajiye ba. Warin mahaifina ke nan. Shi ba tela ba ne, amma man da ake ɗiga wa keken ɗinki shi ake ɗiga wa keken rubutu, kuma da wannan warin yake shigo mana gida kullum bayan la'asar, a yatsunsa, a bakin hannun rigarsa, har a kan goron da yake ɓantara wa mahaifiyata.

Baba ɗan masunta ne. Ƙauyensu yana can cikin fadama, gabas da Haɗeja, a kan wani tudu da ruwa ke kewayewa idan damina ta yi nisa. Ya yi karatun allo, daga baya bulama, mai garinsu, ya sa sunansa cikin yaran da za a kai makarantar boko a birni, ba don an tambayi kowa ba. Da ya gama, aka ba shi koyarwa a makarantar. Tun yana saurayi yake rubuta labaran kogi da ajami: yadda masunci ke kifa ciki a kan gora ya bi ruwa, shekarar da dorina ta hana mutane mashigi, shekarar da fari ya sa aka ci ƙwayar bado. Yawancinsu daga bakin mahaifiyarsa ya ji su, wato Kakata. Warƙa-warƙa ya tara su a gafaka har suka zama littafi.

Wani Baturen makaranta ne ya ji labarin littafin, ya sa aka karanta masa. Ya yaba ƙwarai. Ya ce a Zariya ana buga littattafan Hausa, amma sai an juya shi zuwa boko, kuma sai an buga shi da tafireta, wato keken rubutu, domin ba sa karɓar rubutun hannu. A lokacin keke ɗaya ne na sani a garin, yana ofishin En'e, hukumar gargajiya ke nan ta zamanin Turawa. Akawun da ke buga shi mutumin kudu ne, mai kirki, amma Hausarsa ta cefane ce. Baba ya juya warƙa biyar ya kai masa. Da suka dawo, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, domin keken ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, shi kuma akawun bai san akwai bambanci ba. A ranar Baba ya yanke shawara gara ya koya da kansa.

Ina tune da marfin wani tsohon akwati da ya zana wa haruffa da gawayi, layi uku, kamar yadda suke a jikin keken. Da safe kafin ya fita zai zauna a ƙofar ɗaki ya ɗora shi a cinya, yatsu goma suna ta rawa a kan katako, ba abin da ke fitowa. Mu yara mukan leƙa mu yi dariya. Da akawun ya ga naci, sai ya riƙa ba shi keken idan an tashi cin abinci. Bayan shekara biyu akawun ya koma garinsu, aka duba duk ofishin babu mai iya bugawa sai Baba. Aka ɗauke shi aiki. Mutane suka yi ta zuwa barka.

Daga nan ne fa ƙofa ta rufe, ko da yake ba wanda ya lura. Keken na hukuma ne, takardar ta hukuma ce, ƙyallen tawadar da ke cikinsa ma na hukuma ne. Daga safe zuwa la'asar wasiƙun hakimai, hukuncin alƙalai, sanarwar allurar shanu. In an tashi, masinja ya kulle ofis ya kai wa wakili, shugaban ofishin, mabuɗi. Sau biyu Baba yana neman a mai da shi koyarwa, inda zai sami hutu, sau biyu wakili yana ce masa, "To wa zai buga mana? Ka yi haƙuri sai an sami wani." Ba a taɓa samun wanin ba. Saurinsa ya kai har Di'o, Baturen da ke kula da ƙasar, ya daina tafiya rangadi sai da shi. Duk inda za su, gafakar nan tana rataye a kafaɗarsa, ko Allah zai ba shi rana guda shi da keken su kaɗai.

Shekarar da nake ba ka labari ina da shekara kamar goma sha biyu. An kai ni wurin Kaka in yi damina. Marka ta kankama, ruwa ya sauko daga yamma fiye da yadda aka saba, ya cinye gonakin shinkafa har sai kan ganye kake gani. Wata rana da hantsi muka hangi mutum biyu suna keto ruwa iya ƙirji, na gaba ya ɗauko akwatin keken a ka. Na baya Baba ne. Sun fito rangadi ne kan rikicin manoma da makiyaya, Di'o ya riga su haye mashigi a kan doki, kafin su iso da kaya ruwan ya ƙaru. Mai jirgi ya ce shi ba zai ɗauki ƙarfen hukuma a wannan igiyar ruwa ba, in ya nutse gidan yari za a kai shi. Hanyar komawa birni ita ma ta shafe. Tudun da ya fi kusa shi ne na mahaifiyarsa.

Kwana goma sha tara muka yi ba shiga ba fita. Ka tsaya a bayan danga, duk inda ka juya ruwa ne, sai kawunan goriba da garken tsuntsayen kirinjijiya. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakuna, sauro ya hana awaki sakat. Gishiri ya ƙare a kwana na takwas. Kowa a ƙauyen fuskarsa a ɗaure, ban da Baba. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta kwanakin farkon nan ba.

Ya kafa keken a kan turmin da aka kifa a zaure. A cikin akwatin akwai ƙunshin takardar ofis, wadda aka ba shi don aikin rangadi. Na ga ya daɗe yana kallonta, domin ya san abin da ake yi wa mai taɓa kayan En'e. Daga bisani ya yi bisimilla ya zaro ta farko. Ƙauyen duka ya taru a ƙofar zaure. Tsofaffi suna cewa kamar ƙanƙara a kan ƙwarya. Idonsa a kan warƙar ajami, ba ya ko duban yatsunsa, ƙararrawar keken tana kaɗawa a ƙarshen kowane layi. Littafin da ya jira shekara bakwai, cikin kwana shida ya gama shi. Takarda uku ta rage.

Ranar da ya gama, bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a zaure. Ya ce, "Iya, labaranki ne. Ke ya kamata ki fara ji."

Ta zauna tana ɓarar gyaɗa, yana karantawa. Da farko tana gyaɗa kai. Can sai na ga hannunta ya tsaya. Ya kai labarin mahaifinsa, ranar da ya kwana biyu a kan gora, ya karanta cewa ya dawo da kifi mai yawa.

"Wane kifi?" in ji ta.

"Kifi dai, Iya."

"A gidan nan ba a taɓa kawo mini kifi dai ba. Ran nan tarwaɗa ce, guda huɗu, ɗaya ta kai cinyata. Sauran ƙarfasa. Ai na gaya maka."

Ya ce haka ne, ya ci gaba. Ba a jima ba ta sake tsayar da shi. Inda ta ce ƙugiya, ya sa abin kamu. Inda ta ce taɓo ya riƙe ƙafar saniya, ya sa wuri ya yi laushi. Ta ajiye gyaɗar ta ce, "Wannan wa ya rubuta? Kamar dai mai shela yana faɗin saƙon hakimi. Ɗauko wancan na cikin jaka in ji."

Ya ɗauko na ajamin ya karanta wuri ɗaya. Ni yarinya ce, amma na ji bambancin. A na ajamin kana jin sanyin ruwan a cikinka. Tarwaɗar tana nan, ƙarfasar tana nan, har da ashar ɗin da kakana ya yi wa dorina.

Sai da na girma ya bayyana mini abin da ya faru. A ofis, duk kalmar da ke da harafi mai lanƙwasa, sai ya cire takarda ya bi ta da alƙalami yana yi wa kowane ƙugiya da hannu, wakili kuwa yana tsaye a kansa yana jira. Don ya huta, sai ya riƙa kauce wa irin waɗannan kalmomi, yana neman wadda keken zai iya. Shekara da shekaru yana haka, har yatsunsa suka riƙa yin zaɓin da kansu. A zauren nan idonsa yana karanta tarwaɗa, yatsunsa suna buga kifi, shi bai ma sani ba. Ya ce mini, "Saurin ne ya cuce ni. Da ina lalube da yatsa ɗaya, da na ji lokacin da kalmar ta faɗi."

Saura kwana goma sha uku ruwa bai janye ba. Ga keke, ga lokaci, ga Kaka a kusa, amma babu takarda sai ukun nan. Ya gwada bayan waɗanda ya buga, ƙyallen tawadar ya riga ya ƙoƙe, haruffan suna fitowa kamar sawun tururuwa a rairayi. Ya rufe keken da buhu. Kwanakin nan su ne masu nauyi. Zai zauna a bakin danga tun hantsi yana kallon ruwa, in na kai masa fura ya karɓa ya ajiye. Sau ɗaya ƙanensa ya ba shi gora ya ce ya zo su shiga. Ya kifa ciki a kai, goran ya juye da shi, yara suka yi ta dariya. Ya fito yana tari, ya ce ko wannan ma ya manta.

A rana ta goma sha tara jirgi ya iso da masinja. Ko gaisawa ba su gama ba ya ce, "Malam, takardu sun taru. Di'o ya ce ko hannunka ne kaɗai a kawo." Da wasa ya faɗa, aka yi dariya. Baba bai yi ba. Aka sa keken a tsakiyar jirgi a kan tabarma, mu muka zauna a gefe inda ruwa ke shigowa.

Washegari da kansa ya je gaban wakili ya faɗi abin da ya yi da takardar hukuma, tun ba a tambaye shi ba. Mahaifiyata ta yi kuka, tana ganin kora ce ko ɗauri. Ni kuwa na ji shi yana ce wa amininsa a zaure, "Da ma su kore ni. In koma tudu in sake koyon gora." Wakili ya yi faɗa sosai, ya kai magana gaba. Amsar da ta dawo ita ce a ja masa kunne kawai, domin babu mai maye gurbinsa. Abin da aka ƙara shi ne, daga ranar aka yi wa akwatin keken kwaɗo, mabuɗin yana aljihun masinja ko a rangadi. Maganar komawa koyarwa kuma ba a sake ta da ita ba.

Bai aika da bugun nan Zariya ba. Ya ce ba zai sa sunansa a kan abin da mahaifiyarsa ba ta gane ba. Turawa suka tafi, aka sauya tuta, shi yana kan kujerar nan. Kaka ta rasu yana buga jawabin wani. Da ya yi ritaya an sami kekuna masu haruffanmu, har wani ɗalibinsa ya ce zai ara masa, amma a lokacin gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura. In yana zaune shiru sai ka ga suna motsi a kan gwiwarsa. Na taɓa tambayarsa me yake bugawa. Ya dubi hannun kamar na wani ne, ya ce, "Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai. Iyakar abin da suka sani ke nan."

Yanzu ruwa ba ya zuwa tudun nan kamar da, tun da aka datse kogin daga sama. Da rani mota tana kai mutum har ƙofar zauren. Ni ma na ɗan taɓa rubutu a rayuwata, kuma da biro nake yi. Matasa masu sha'awar rubutu sukan tambaye ni ko dole ne marubuci ya ƙware da bugu. Nakan ce su koya, zai rage musu wahala da roƙon mutane. Amma ban taɓa ganin wanda ya fi Baba ƙwarewa ba, kuma na gaya maka inda ta kai shi.

Gafakar tana wurina. A gidan nan kaf ni kaɗai ce ta rage mai iya karanta hannunsa. Jikata tana da kwamfuta, yatsunta har sun fi nasa sauri, ta ce in ba ta mako guda ta gama. Na ce a'a, ni zan karanta da baki, ita ta buga abin da ta ji, ta maimaita mini, warƙa ɗaya a rana, ran da take gida. Takan yi ƙorafi, ina jinta. Mun yi rabi da ɗan wani abu. Saura warƙa arba'in da ɗaya, likita kuma ya ce idona na hagu ma yana ta fara rufe shi, kamar na dama.