Uwar Tarwaɗa, Macen da Ta Rufe Tafkunanta Don Korama Ta Rayu

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayiyar da jama'a suka fi sani da Uwar Tarwaɗa a shekarar 1956, a wani ƙaramin gari da ke gaɓar kogi. Mahaifinta masunci ne, mahaifiyarta kuma bandar kifi ce sana'arta. Ita ce ta ƙarshe cikin 'ya'ya bakwai, dalilin ke nan da ya sa 'yan gidansu ba su taɓa kiran ta da wani suna ba sai Auta, har ta yi furfura. Ta tashi tsakanin hayaƙin banda da ɗinkin taru, kuma tun tana ƙarama takan bi babban wanta zuwa koramar da ke zuba cikin kogin, tana riƙe masa ƙwarya yana kamu.

Neman ilimi

An sanya ta a makarantar firamare a 1963, ta wuce sakandare a 1970, sannan ta samu gurbi a kwalejin aikin gona a 1975, inda ta zaɓi fannin kiwon kifi, ita kaɗai mace a ajinsu. Da labarin ya kai kunnen mahaifinta sai ya yi dariya, ya ce shekararsa arba'in a kan ruwa bai taɓa jin kifi ya tambayi mutum takardar shaida ba. Duk da haka bai hana ta ba, hasali ma shi ya raka ta tashar mota. Ta kammala a 1978 da sakamako mai kyau.

Aiki da aure

A 1979 aka ɗauke ta aikin malamar gona, tana zagaya ƙauyuka a kan babur tana koya wa manoma haƙa tafki. A wannan yawo ne ta haɗu da wani makanikin injin ban ruwa, mutum mai haƙuri da barkwanci, suka yi aure a 1980, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Bayan shekara tara tana koyar da abin da kusan ba wanda ke aikatawa, sai ta ajiye aiki a 1988, ta ce gara ta gwada a gani da ido.

Kafa gona

Ta fara da tafkuna uku a wani fili da ke saman koramar garinsu. Zubin farko bai yi albarka ba, domin zafin bazara ya kashe fiye da rabin kifayen cikin kwana biyu. Maigidanta ya taya ta kwashe su, yana cewa ko ba komai yanzu sun san hanya ɗaya da ba a bi. Ta zurfafa tafkunan, ta yi musu rumfa, ta koyi ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi da kanta a wani ɗaki mai kwamin siminti, ta kuma riƙa haɗa abincinsu daga dusa da waken suya maimakon jiran na kanti. Zuwa 1999 gonar ta kai tafkuna arba'in da ma'aikata saba'in, da ɗakin sanyi da motoci biyu masu kai tarwaɗa otal-otal da kasuwannin birni. Kifi ya yi araha har talaka na sa shi a miya ba sai da wani dalili ba, kuma dillalan kasuwa ne suka laƙaba mata sunan da ya bi ta har kabari.

Shekarar korama

Duk bayan 'yan kwanaki akan sauya ruwan tafkunan, tsohon ruwan kuma, mai ɗauke da kashin kifi da ragowar abinci, yakan bi wani babban bututu ya faɗa korama. Haka kowa ke yi a lokacin, ita ma ba ta taɓa bin bututun ta ga ƙarshensa ba.

Wata rana da hantsi a watan Afrilun 2001, babban wan nata, wanda ya gaji mahaifinsu a su, ya shigo ofishinta da kwano a hannu, ya ajiye a kan takardun da ke gabanta. Ƙananan kifayen korama ne a ciki, matattu, cikinsu a kumbure.

Ya ce, “Auta, ga saƙon maƙwabtanki.”

Ta ce, “Yaya, ka tabbata daga wajena ne?”

“Ke kika yi karatun. Ni dai na san sama da bututunki ruwa garau yake. Sa takalminki mu je.”

Suka bi koramar a ƙafa har kusan tafiyar awa biyu. Gansakuka ta rufe fuskar ruwan, wari ya hana su buɗe baki, duwatsun da mata ke wanki a kansu ba kowa, masu lambu sun koma jan ruwan rijiya da guga. Wata tsohuwa mai lambun alayyafo ta gane ta, ta gaishe ta da ladabi, ta koma kan ban ruwanta. Marigayiyar ta sha faɗa daga baya cewa da tsohuwar ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

A wancan zamani babu dokar da ta tilasta mata yin wani abu. Manajan gonar ya ba ta shawarar a ƙara tsawon bututun ya wuce garin, a huta da surutu.

Ta ce masa, “To can ɗin ba mutane ne ba?”

Cikin mako guda ta sa aka kwashe kifin tafkuna goma sha takwas, aka toshe bututun da siminti. Babban kamfanin da ke sayen rabin kifinta ya koma wajen wasu, aka sayar da mota ɗaya, abokan sana'a suka riƙa cewa ta samu taɓin hankali. Ba ta sallami ma'aikaci ko ɗaya ba. Ta miƙa musu shebur, suka mayar da tafkunan da aka rufe wuraren tace ruwa: ruwan datti ya fara kwanciya a na farko, laka ta zauna, ya ratsa na biyu da na uku cikin ciyawar ruwa mai dogon kara, sannan maigidanta ya shimfiɗa magudanai zuwa lambunan da ke ƙasa. Lakar da aka kwashe ta zama taki, tana ba masu lambu kyauta.

Aikin ya ci shekara uku. A tsawon wannan lokaci wanta bai taka gonar ba, gaisuwa kawai ke haɗa su. A daminar 2004 ya shigo ba sanarwa, ya zauna, ya ce ciyawar nan tata ta tara kwaɗi sun hana gari sakat, sannan ya tambaya ko akwai shayi. Daga matarsa aka ji cewa kwana uku ke nan yana samun karfasa a koramar. Amma akwai nau'in kifi biyu da mahaifinsu ke kamawa waɗanda ba a sake ganin su ba, kuma marigayiyar ba ta taɓa yarda a ɓoye wannan ba idan ana yabon ta.

Shekarun ƙarshe

Gonar ba ta sake komawa tafkuna arba'in ba, ta tsaya a ashirin da biyu. Daga 2006 ta buɗe ƙofa ga masu son koyon sana'ar, kuma an ƙiyasta sama da mutum ɗari huɗu sun bi ta hannunta. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta sayar wa kowa 'ya'yan kifi sai ta je da ƙafarta ta ga inda ruwansa zai zuba. Maigidanta ya rasu a 2014. Bayan shekara uku ciwon sukari ya taɓa mata ido, ta miƙa ragamar gonar ga babban ɗanta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a safiyar Talata, 9 ga Maris, 2021, tana da shekara sittin da biyar, bayan jinyar mako biyu. An yi mata salla a harabar gonar saboda ƙofar gida ta kasa ɗaukar jama'a, aka binne ta a maƙabartar garin kafin azahar.

Ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Babban ɗanta shi ke riƙe da gonar, mai bi masa malamar jinya ce, na uku makanike ne. Autarta jami'a ce a hukumar kula da tsabtar ruwa, kuma wata takwas bayan rasuwar, da ta zo duba gonar ta tarar wata magudana ta fashe tana yoyo cikin korama, ta rufe wa yayanta tafkuna biyu har tsawon wata guda. Ya sa hannu a takardar rufewar bai yi musu ba, ya ce da Mama ce da huɗu za ta rufe. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta.