Layi Uku a Jikin Bango

Alhaji Dabo na Angwan Iya, mai shagon siminti, yatsu huɗu gare shi a hannun dama. Jikokinsa duk sun san wai ƙofar mota ce ta datse ɗayan. To, ba mota ba ce. Azara ce ta faɗo masa yana saurayi, lokacin yana magini, yana kwaɓa laka da ƙafa. Da siminti ya shigo gari, aka fara ce musu masu wasa da taɓo, sai ya wanke ƙafa ya buɗe shago, bai sake yarda an ce masa magini ba.

Ana nan sai jikarsa Umaima, mai karatun zanen gine-gine a jami'a, aka ba ta furojet a kan tsofaffin zaurukan Keffi. Malaminta ya ce sai ta kawo sunan magini ko guda, in ba haka ba aikin bai karɓu ba. Ta zo ta durƙusa.

"Kaka, ka san wani tsohon magini?"

"Ke amarya, ni da laka? Dubi rigata mana."

Ta yi dariya ta tashi. Wata biyu yarinyar nan tana sintirin laburare, har Abuja ta je, tana dawowa da jajayen idanu, shi kuwa yana zaune yana kallonta. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar laburare, Madam Susana, ta nuna mata wani rumbun tsofaffin hotuna a cikin kwamfuta, wai shi databes. Nan Umaima ta samo hoto, ta bugo a takarda, ta kawo masa shago da hantsi.

"Kaka, dubi zauren nan! A unguwarmu yake wai. An rubuta ba a san maginin ba."

Dabo ya duba. Zauren da ya gina ne. Kuma shi ya ba mai gidan shawarar rushe shi, ya sayar masa da bulo.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji ta, "yaɓen hannu layi huɗu yake bari. Wannan ko'ina uku ne. Madam ta ce ko wani salo ne na mutanen da."

Salo! Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Hannun nan da yake ɓoyewa cikin riga, a hankali ya zaro shi, ya ɗora kan takardar, ya ja yatsunsa uku a kan layukan.

Umaima ta dubi hannun, ta dubi hoton.

"Kaka, wata biyu fa!"

Ya tura mata takardar.

"Ɗauko biro," ya ce. "Kar ki sa Alhaji. Sa Dabo Magini. In kin gama, nemo min kwano da jar ƙasa, in nuna miki yadda ake yi."