Burtalin da aka zana da fensir

An kore ni daga aiki saboda na ƙi kafa turakun siminti guda huɗu a bayan Saulawa.

Lebura ne ni a ofishin awon ƙasa. Aikina jan sarƙa da riƙe wa safiyo sanda. Ban yi boko ba, amma daga Ikara zuwa Makarfi babu layin da aka ja a takarda wanda ban taka shi da ƙafata ba.

Zamanin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu. Babu man mota, mun daina fita daji. Sai aka kawo kwamfuta, aka ce a kwafe duk tsofaffin taswirori a cikinta kafin kantoma ya zo dubawa. Wanda aka ba aikin wani magidanci ne daga kudancin Kaduna, mutum mai haƙuri. Ni nake shimfiɗa masa takardun ina danne gefensu. Da farko takarda ɗaya sai ta ci masa mako. Oga ya riƙa tsaya masa a ka, kullum maganar sauri. Mutumin ya dage, hannunsa ya faɗa, har ya kai uku a yini. Cikin dabarun da aka koya masa har da bin layin tawada kaɗai, ya tsallake na fensir. Oga ya ce fensir gwaji ne.

Ba gwaji ba ne. A ofishinmu da fensir ake zana burtali, domin hanyar shanu tana matsawa idan rafi ya ci gaɓa. Kowane tsohon lebura ya san haka. Ba a tambaye mu ba. Ni kuma ina tsaye a wurin, ban gane abin da ake zubarwa ba, don ban san kan abin da ke cikin gilashin kwamfutar ba. Wannan har yau yana cina.

Sabuwar taswira ta fito fes, babu burtali. Aka yanka wurin aka ba wani mai kaki ya yi gona. Ranar kai turaku an samu mai.

Muna sauka na ga sawun kofato ko'ina. Arɗon wurin ya zo, dattijo, ya gaishe mu doguwar gaisuwa, sannan ya tambayi ta inda shanunsu za su sauka rafi. Oga ya buɗe masa takarda ya ce ya nuna hanyar a ciki.

Na ajiye diga. Na ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, a kanta kake tsaye."

Ya ce, "Kai ka iya karatu ne?"

Na ce, "Na iya ganin kashin shanu."

Da muka koma, mai kwamfuta ya ɗauko tsohuwar takarda ya ga layin. Ya ce gyaran ba zai kai awa ɗaya ba. Oga ya ce kantoma ya riga ya sa hannu, wa zai koma ya gaya wa soja an yi kuskure? Mutumin ya sunkuyar da kai. Yana da iyali, ban ga laifinsa ba.

Wasu suka kafa turakun. Da aka tashi rage ma'aikata, sunana ne a sama. Da damina shanu suka rasa hanya, suka bi ta gonakin talakawa, maƙwabtan da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya suka ɗauki sanda a kan juna. Mai kakin ko gyaɗa bai shuka ba.

Yanzu ina Hunkuyi, ina ɗinke bakin buhu a kasuwar hatsi.