Kyamara Uku a Kan Kanta

Tsaya-Haka ake ce masa, don abin da yake faɗa wa mutane ke nan kafin ya latsa kyamara, yau shekara talatin da huɗu. Amare, 'yan makaranta, masu hoton fasfo, duk sun sha tsawarsa. Mutum ne mai alfahari da hannunsa, kuma yana da gaskiya, da shi ya ciyar da 'ya'ya shida har suka kama gabansu.

Wata biyu ke nan hotunansa suna fitowa dishi-dishi. A wani biki ma fuskar ango ta fito kamar an goga mata yatsa. Ya ɗora wa tsohuwar kyamararsa laifi, ya zage ta tas a gaban kowa, baiwar Allah ba bakin ramawa. Amma tsoro ne fal a cikinsa. Ciwon rawar hannu ne ya kwantar da mahaifinsa, har sai an ba shi ruwa a baki, kuma shi ma da kaɗan-kaɗan abin ya fara.

Ranar da ya je sayen sabuwa, babbar 'yarsa ta nace sai ta raka shi. Mai shago ya jera guda uku a kan kanta, duk matsakaita, sun fi na 'yan koyo, ba su kai na 'yan jarida tsada ba.

Mai shagon ya ce, "Baba, wannan ta fi fitar da hoto tar, sai dai akwai ta da cin batir. Wannan ba nauyi, allonta na juyawa. Ta ukun ta ɗan fi kuɗi, amma kati biyu take ɗauka, kuma ko hannu ya motsa tana gyara hoton."

"Hannun wa?" in ji tsohon da zafi.

"Na kowa, Baba. Allah ya ba da haƙuri."

Shi bai yarda da zaƙin bakin mai shago ba. Yana da gwajinsa tun yana saurayi: ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗauki rubutu mafi ƙanƙanta a bangon can ciki, ya buɗa hoton ya ga ko zai karantu. Akwai kalanda a rataye. Ya ɗaga ta farko, ya riƙe numfashi, ya latsa. Lambobin suka fito a dame.

"Wannan ba ta da kirki."

Ta biyu, marar nauyin, ta fi muni. Ya tsaya yana kallon ta ukun, ya kasa taɓa ta. In hoton ya fito tar, to hannunsa ta gyara. In bai fito ba, abin ya wuce gyara.

Kafin ya ankara, 'yar ta ɗauki ta farkon da ya kushe, ta je bakin ƙofa. Ita da ko riƙon kyamara ba ta iya ba! Ya shiga addu'a a ransa, Allah ya sa hoton ya lalace. Tunda yake bai taɓa yi wa hoto irin wannan addu'ar ba.

Ta latsa, ta duba allon. Ya leƙa ta bayan kafaɗarta: ga lambobi nan ɗaya bayan ɗaya, har sunan maɗaba'ar da ke can ƙasa. Da sauri ta juya kyamarar ta kife ta a kan kantar shagon.

"Gaskiyarka, Baba, ba ta da kirki. Mu ɗauki ta ukun."

Mai shago ya sunkuyar da kai ya tafi neman kwali. Tsohon ya laluba kujera ya zauna.

"Tun yaushe kika sani?"

Idonta ya ciko. "Tun da ka daina cika kofinka, Baba."

Shi bai ma san ya daina ba.